Abdussamad Isyaku Rabi'u

Abdussamad Isyaku Rabi'u attajiri ne mai masana'antu, kuma shi ya kafa rukunin kamfanonin BUA. An haife shi a Kano ranar 4 ga Agusta, 1960. Mahaifinsa, Khalifa Isyaku Rabi'u, malamin Alƙur'ani ne kuma babban ɗan kasuwa. Abdussamad ya karanci tattalin arziki a Jami'ar Capital da ke Ohio, Amurka. Yana da shekara 24 ya dawo gida ya karɓi ragamar harkokin mahaifinsa, wanda gwamnatin soja ta tsare a lokacin.

A 1988 ya kafa BUA, yana shigo da shinkafa, man girki, fulawa da rodi. Da siminti aka fi saninsa yanzu, amma ƙarfe ne ya fara ɗaga kamfanin. A 1990 masana'antar narka ƙarfe ta Delta da ke Aladja, kusa da Warri, ta ba shi kwangilar kawo mata kayan sarrafawa. Ba kuɗi ake biyansa ba, da ƙarfen da aka sarrafa ake biyansa, shi kuma ya sayar: cinikin ba ni gishiri in ba ka manda.

Halin da masana'antar take ciki ne ya buɗe wannan ƙofa. Shugaba Shehu Shagari ya ƙaddamar da ita a 1982, da nufin ta riƙa samar da tan miliyan ɗaya a shekara, tana ciyar da masana'antun rodi na Katsina, Jos da Osogbo. Tamar da take narkawa kuwa daga ƙetare ake kawowa ta ruwa. Layin dogon da aka fara a 1987 don ɗauko tama daga Itakpe, a Jihar Kogi ta yanzu, bai kai ga buɗewa ba sai Satumbar 2020, kuma fasinja ya fi ɗauka. Shi ya sa a 1990, wanda duk ke iya shigo da kaya cikin lokaci, shi masana'antar ke nema.

Da ribar ƙarfe BUA ya faɗaɗa. Ya buɗe masana'antun fulawa a Legas da Kano a 2005, sai matatar sukari a Legas a 2008. Daga bisani ya mallaki kaso mafi girma a kamfanin simintin Sakkwato, ya buɗe sabuwar masana'anta a Kalambaina a 2018. A Janairun 2020 aka sa kamfanin simintinsa, BUA Cement, a kasuwar hannun jari ta Legas.