Annoba da Haƙƙin Hanya: Yadda Birnin Milan Ya Sake Raba Titunansa

A ranar 20 ga Fabrairu 2020 likitocin asibitin Codogno, wani ƙaramin gari a lardin Lombardiya da ke arewacin Italiya, suka tabbatar da cutar korona a jikin wani majinyaci wanda bai je ƙasar Sin ba, kuma tun daga wannan rana al'amari ya yi ta tsananta, har ya zama a ranar 8 ga Maris gwamnatin Firayim Minista Giuseppe Conte ta kulle lardin baki ɗaya, kashegari ta shelanta kullen ƙasar duka. Birnin Milan, wanda shi ne cibiyar kasuwancin Italiya, mai mutum wajen miliyan 1.4, ya wayi gari babu mai fita sai da takardar shaida a aljihu wadda ya rubuta uzurinsa a kai, ko neman abinci, ko magani, ko aikin da ba makawa. A birnin Bergamo da ke maƙwabtaka kuwa, mace-mace sun yi yawan da sai da motocin soja suka kwashi akwatunan gawa zuwa wasu garuruwa.

A cikin waɗannan makonni na alhini ne mutanen Milan suka ga wani abu wanda kullum yana gabansu amma hayaniya ta shamakance shi. Hukuma ta wajabta a bar tazarar mita 1 tsakanin mutum da mutum, sai ga tsofaffi sun yi layi a ƙofar kantin magani a kan ɗan siririn gefen titi da aka ware wa masu tafiya a ƙasa, wanda idan mutum biyu suka haɗu a kai dole ɗaya ya raɓe jikin bango ko ya sauka kwalta, alhali a dab da su ga shimfiɗeɗɗen titi fayau, babu abin da ke kansa sai motocin da aka ajiye suna shan ƙura. Duk mai hankalin da ya dubi wannan, tilas ya tambayi kansa wane ne ya yi wannan rabo, kuma bisa wace hujja.

Ba wannan ne karo na farko da annoba ta sa masu mulkin Milan suka yi hukunci a kan hanya ba. A shekarar 1576, zamanin da birnin ke ƙarƙashin sarautar Sifen, annoba ta sauka, gwamna da attajirai da yawa suka fice, amma babban limamin Kirista na birnin, Carlo Borromeo, ya zauna da talakawansa. Da aka hukunta kowa ya tsare gidansa, ibada a majami'a ta faskara, sai ya yi umarni a kafa wuraren addu'a a mararrabar hanyoyi, domin limamai su yi hidimarsu a sarari, jama'a kuma su halarta daga tagogi da bakin ƙofofinsu ba tare da cakuɗuwa ba. An kakkafa ginshiƙai masu gicciye a waɗannan mararrabu, kuma har yau ana ganin irinsu a birnin. Bayan shekara 54, watau a 1630, wata annobar ta dawo wadda ta fi ta farko muni, ta hallaka kusan rabin mutanen garin. A wannan karon an yi kuskuren barin jama'a su yi gagarumin jerin gwano a ranar 11 ga Yuni, suna zaga unguwanni da gawar shi Borromeo don neman tabarruki, kuma masu tarihi sun ruwaito cewa bayan wannan cincirindo mutuwa ta ƙaru ƙwarai. Marasa lafiya a wancan zamani ana kai su wani makeken gidan killacewa mai suna Lazzaretto, wanda aka fara ginawa a ƙarshen ƙarni na 15 a bayan ƙofar gabas ta ganuwar birni. An rushe shi a ƙarshen ƙarni na 19 aka yi gidaje a wurin, kuma babban titin da ya bi ta gefensa shi ne ake kira Corso Buenos Aires a yau, ɗaya daga cikin titunan kasuwanci mafiya tsawo a Turai.

Da ƙarni na 20 ya raba, arziki ya buɗe wa Italiya bayan Yaƙin Duniya na Biyu, mota ta shiga hannun ma'aikaci da ɗan kasuwa, sannu a hankali ta mallake kwalta, ta mallake gefenta, har ta mallake dandalolin unguwa inda a da yara ke wasa, manya ke zance. Ga shi kuma birnin yana zaune a kwarin kogin Po, tsaunuka sun yi masa shamaki, iska ba ta cika kaɗawa ba, saboda haka hayaƙi kan kwanta a kansa lokacin sanyi, abin da ya sa yankin ya yi ƙaurin suna wajen gurɓatar iska. Hukumar birni ta fara neman magani tun kafin korona: a Janairun 2012 ta ɗora haraji a kan motar da za ta shiga tsakiyar gari, sa'an nan a 2018, a zamanin magajin gari Giuseppe Sala, ta fara wani shiri mai suna Piazze Aperte, watau buɗaɗɗun dandaloli. Dandalin unguwar Dergano yana cikin na farko. Wuri ne da ya zama ma'ajiyar motoci. Aka fitar da motocin, aka zana manyan ɗigo-ɗigo na fenti a kan kwalta, aka kawo bencina da tukwanen itatuwa da teburan ƙwallon tebur, cikin ɗan lokaci da kuɗi kaɗan, bisa sharaɗin cewa gwaji ne, in bai yi ba a mayar da shi yadda yake. Ta wannan hanya ma'aikatan birni suka ƙware a aikin fenti da tukunyar fure, kuma wannan ƙwarewa ce ta yi musu rana, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Da watan Afrilu ya yi nisa, aka sanya 4 ga Mayu a matsayin ranar fara sassauta kulle, sai mas'ala mai wuyar warwara ta taso. Galibin ma'aikatan Milan da jirgin ƙarƙashin ƙasa da bas da taragon lantarki suke zuwa aiki, amma dokar tazara ta wajabta kada waɗannan su ɗauki fiye da kimanin sulusin abin da suka saba ɗauka; idan kuwa duk wanda ya rasa wuri, ko ya ji tsoron shiga, ya ɗauko motarsa, to birni zai cushe, hayaƙi ya dawo a daidai lokacin da cuta ke kama huhun mutane. Saboda haka hukuma ta shelanta shirin Strade Aperte, buɗaɗɗun tituna, inda ta ƙudurta sake raba kilomita 35 na hanyoyi a cikin wannan shekara: a faɗaɗa wurin masu tafiya a ƙasa, a fitar da layin kekuna, a rage gudun mota zuwa kilomita 30 a sa'a a unguwanni da yawa, a kuma fifita mai ƙafa a wasu lunguna. Jami'in da ke riƙe da sha'anin sufuri a majalisar birni, Marco Granelli, shi ya jagoranci aikin.

An fara da hanyar da ta tashi daga dandalin San Babila, ta bi Corso Venezia da Corso Buenos Aires, ta nufi arewa maso gabas a bisa layin jirgin ƙarƙashin ƙasa na farko, da nufin wanda ya bar jirgi ya sami madadi a samansa. Babu tono, babu siminti. Ma'aikata suka goge tsoffin layuka suka ja sababbi, suka matsar da wurin ajiye motoci daga bakin titi zuwa ciki, ta yadda motocin da ke ajiye suka zama garkuwa tsakanin mai keke da mota mai gudu. Masu gidajen abinci da shagunan gahawa kuma aka yafe musu kuɗin haya na filin hukuma, aka ba su izini su fito da teburansu waje, har a kan gurabun da motoci ke kwana, domin likitoci sun tabbatar cewa cutar ta fi yaɗuwa a ɗaki rufaffe. A watan Mayu gwamnatin ƙasa ta gyara dokar hanya don halatta irin waɗannan layuka na fenti, ta kuma tallafa wa mai sayen keke da kuɗi har Yuro 500. Birane irin su Bogota da Balin da Faris da Landan duk sun bi tafarki makamancin wannan a wannan shekara.

Ba a rasa masu inkari ba, kuma adalci ya wajabta a saurare su. 'Yan kasuwar Corso Buenos Aires da yawa sun yi kuka cewa masu kawo musu kaya sun rasa wurin saukewa, direbobin tasi sun koka da cunkoso, masu kekunan kansu sun ce fenti ba ya tare mota, mazauna wasu lunguna kuma sun ce teburan waje sun hana su barci, sun kuma cinye hanyar da aka ce an faɗaɗa wa mai ƙafa da mai keken guragu. Wannan ƙorafi na ƙarshe shi ya fi nauyi, domin ƙwace fili daga mota a miƙa wa mai shago ba shi ne mayar da shi ga jama'a ba. Duk da haka, bayan annoba ta lafa hukuma ba ta share layin kekunan ba, bal ma ta ci gaba da ƙarfafa shi, dandalolin da aka buɗe kuma suka haura 30.

Fuƙaha'u tun da daɗewa sun hukunta cewa hanya haƙƙin jama'a ce, ba ya halatta wani ya ƙuntata ta don amfanin kansa har ya cutar da masu wucewa, kuma sun ɗora wa shugaba kiyaye wannan maslaha. Abin da tarihin Milan ya tabbatar shi ne cewa rabon titi hukunci ne da mutane suka yanke, wanda kuma mutane ke da ikon sake dubawa, tun da abin da aka shekara da shekaru ana cewa ba zai yiwu ba an gama shi cikin 'yan makonni da larura ta matsa. Tsohon da ke dogara sanda, da uwar da ke tura jaririnta, da yaron da ke zuwa makaranta, buƙatarsu ga faffaɗar hanya ba ta fara da korona ba, ba ta kuma ƙare da ƙarewarta ba. Wajibi ne a kan duk wanda Allah Ya ɗora wa amanar birni ya ba su rabonsu a lokacin lafiya, kada ya jira sai musiba ta tilasta shi.