Yadda ake koya wa yaro karanta taswira da lambobin wuri

Taswira zanen ƙasa ce kamar yadda shaho yake hango ta daga sama. Shi ya sa darasin farko ba ya bukatar littafi. Yaro ya zana gidansu a kan rairayi: zaure, rijiya, madafa, turken awaki. In ya iya wannan, sai ya ƙara hanyar makaranta da ta kasuwa. Daga nan ake shigar da ma'auni: a taswirar da aka rubuta wa 1/200 000, santimita 1 tana madadin kilomita 2, kuma da zare da rula yaro zai auna hanya komai lanƙwasarta.

Wurin da yara suka fi rikicewa shi ne fuskar taswira. Bahaushe da gabas yake fara lissafi, taswirar makaranta kuwa arewa take sakawa a sama. Yaron da bai taɓa ganin ta ba sai rataye a bango yakan ɗauka arewa tudu ce, har ya yi gardamar cewa ruwa ba zai gangara can ba, alhali Nilu arewa yake nufa, haka ma kogin Shari da ke zuba a Tafkin Chadi. Maganin shi ne a sauke taswirar a shimfiɗa ta a ƙasa, yaro ya fuskanci mafitar rana, a juya takardar har samanta ya koma hannunsa na hagu. Sanya arewa a sama al'ada ce kawai. Taswirar da al-Idrisi ya kammala a 1154 kudu ce a samanta.

Lambobin wuri biyu ne. Na farko yana faɗin nisan wuri daga ikwaita, arewa ko kudu, daga digiri 0 zuwa 90. Littattafan Faransanci suna ce masa latitude. Kowane digiri kusan kilomita 111 ne. Na biyu, longitude, yana faɗin nisa gabas ko yamma daga layin Greenwich, har digiri 180. An amince da wannan layi a taron Washinton na 1884, kuma ba baƙo ba ne a yankin: ya ratsa Aljeriya, Mali kusa da Gao, Burkina Faso da arewacin Togo, ya faɗa teku a Tema ta Ghana. Saboda haka Kumasi da Wagadugu suna yamma da shi, Yamai da Garwa suna gabas.

Lambobin nan suna zama a kan yaro idan aka haɗa su da abin da ya riga ya lura da shi. Kano da Njamena duka suna wajen digiri 12 arewa, tsawon yininsu kusan ɗaya ne, agogonsu ma ɗaya. Amma a watan azumi dangin Njamena suna riga na Kano shan ruwa da kusan rabin awa. Dalili yana cikin lamba ta biyu. Duniya tana juya digiri 360 cikin awa 24, wato digiri 15 a awa, ko digiri 1 cikin minti 4. Kano tana digiri 8 da rabi gabas, Njamena tana digiri 15. Bambancin digiri 6 da rabi ya ba da minti 26. Yaron da ya yi wannan lissafi da hannunsa zai iya faɗin wanda zai fara ganin faɗuwar rana tsakanin Marwa da Yamai ba tare da an gaya masa ba.

Kurakuran da suka fi yawa a rubutu suke. Littafin Faransanci yana nuna yamma da harafin O, wanda yara kan karanta kamar sifiri, na Ingilishi kuma da W. Waya sau da yawa ba ta sa harafi, sai alamar ɗebewa a gaban lamba idan wurin yana yamma ko kudu. Wanda ya sa wa lambar Kano wannan alama bisa kuskure zai tsinci kansa a Mali, kudu maso yamma da Bamako. Sannan digiri ɗaya minti 60 ne, ba 100 ba: 12,5 daidai yake da 12°30', ba 12°50' ba, kuma tazarar da ke tsakaninsu ta kai kilomita 37. Ga wanda motarsa ta lalace tsakanin Agadez da Dirku yana karanta wa masu ceto lambarsa ta waya, wannan tafiyar yini guda ce a ƙafa.