Ɗaukar Malamai da Ƙarin Girma a Sassan Lissafi na Jami'o'in Arewa: Waiwaye a Taƙaice

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala za ta waiwayi yadda aka samar da malaman lissafi a jami'o'in Arewa, da ma'aunin da ake ɗaga darajarsu da shi.

2.0 Mafari

Lokacin da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a 1962, akasarin malamanta baƙi ne daga ƙasashen waje. Cikin 'yan ƙasa da suka fara yin fice akwai Iya Abubakar, wanda ya yi digirin farko a Ibadan, ya kuma sami digirin dakta a Kambirij ta Ingila. Ya zama farfesan lissafi a 1967, ya jagoranci sashen, sannan ya riƙe shugabancin jami'ar daga 1975 zuwa 1978.

3.0 Ayyuka da Matakai

Aikin malamin jami'a ya kasu kashi uku: koyarwa da bincike da hidimar al'umma. Akan ɗauki ɗalibin da ya yi zarra a matsayin mataimaki, a tura shi ƙaro ilimi. Daga nan sai ya hau matakan lacca, ya zama babban malami, kafin ya kai ga kujerar farfesa. A manyan matakai ana aika rubuce-rubucensa ga masana na wasu jami'o'i domin su auna su. Sai dai nauyin koyarwa a sashen lissafi ya yi yawa, domin ɗaliban kimiyya da injiniya duk ta hannunsa suke bi, ga shi kuma bincike ne ke kawo ƙarin girma.

4.0 Koma Baya

Bayan matakan tsuke bakin aljihu na 1986, darajar albashi ta faɗi, ƙwararru da dama suka fice. Wannan ya zo daidai da ƙaruwar jami'o'i, kamar ta Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi, wadda ta tsaya da ƙafafunta a 1988. Daga baya aka kafa ta jiha a Gadau, kusa da Azare, wadda ɗaliban ƙasar Katagum da Dambam ke zuwa.

5.0 Kammalawa

Tarihin ya nuna cewa kafa sashe ya fi raino malaminsa sauƙi. Muddin ba a rage wa ƙananan malamai nauyin aji ba, samun magadan manyan farfesoshi zai ci gaba da wuya.