Mai Hoton Da Ya Sayar Da Shagonsa

'Yan'uwana mata, yau can nesa zan kai ku, ƙasar Filifin. Labarin wani mutum ne, Jose Nepomuceno, wanda tun da na karanta tarihinsa ya tsaya mini a rai.

An haife shi a birnin Manila a 1893. Mai ɗaukar hoto ne, shagonsa kuma yana ci. A lokacin Amurka ke mulkin ƙasar, finafinan da ake haskawa a sinima duk baƙi ne ke shirya su. Abin ya dame shi. A 1917 ya sayar da shagon ya sayi kayan ɗaukar fim, shi da ɗan'uwansa suka kafa kamfanin Malayan Movies.

Ran 12 ga Satumba 1919 ya fito da fim ɗinsa na farko, Dalagang Bukid, wato budurwar ƙauye. Labarin wata yarinya ce mai tallar furanni, iyayenta suka ce sai ta auri wani tsoho mai kuɗi, alhali ga saurayinta ɗalibi. Kun ji fa, ashe kukan auren dole ba a gidanmu kaɗai ake yin sa ba! Fim na zamanin bebe ne, ba murya. Don haka jarumar, Atang de la Rama, ita ke zuwa sinimar da kanta tana rera waƙar yayin da hoto ke tafiya.

Sau biyu gobara tana cin ma'aikatarsa, sau biyu yana sake tashi. Matarsa Isabel Acuña tana gefensa, tana zaɓen 'yan wasa, tana kula da sutura da kwalliya, amma da wuya ku ji an ambace ta. A 1930 ya mai da littafin Jose Rizal, Noli Me Tangere, fim. A 1933 ya fito da mai magana, Punyal na Ginto.

Ya rasu a 1959. Allah sarki, finafinansa na beben nan duk sun salwanta, gobara da Yaƙin Duniya na Biyu da lalacewar ajiya sun cinye su. Duk da haka a 2019 ƙasar ta yi bikin cika shekara 100 da fara fim, daga ranar budurwar ƙauyen nan aka ƙirgo.

To 'yar'uwa, in kin fara abin kirki da guminki, kada tsoron asara ya sa ki naɗe hannu. In kin ga wani a inuwa, wani ne ya sha rana.