Jibo Bakari: Magajin garin Yamai na farko kuma jagoran Sawaba

Hanyar da ta taso daga Katsina ta ratsa Jibiya ta shiga Ɗan Isa ta nufi Maraɗi, tsohuwar hanya ce ta fatake. A shekarun 1950 ta zama wani ɓangare na muhawarar siyasar Nijar, domin tambayar da ta raba kan 'yan siyasar ƙasar ita ce: da wa Nijar za ta jingina in ta sami 'yanci, Faransa ko maƙwabtanta? Mutumin da sunansa ya fi ɗamfaruwa da wannan tambaya shi ne Jibo Bakari, wanda ya riƙe birnin Yamai, ya riƙe gwamnatin ƙasa, sannan ya rasa su duka a cikin shekara biyu.

Asali da shiga siyasa

An haifi Jibo Bakari a 1922 a Sudure, wani ƙauye kusa da Yamai, mahaifar ɗan'uwansa Jori Hamani, wanda daga baya ya zama babban abokin hamayyarsa. Ya yi karatu a makarantar William Ponty ta Senegal, inda Faransa ke horar da malamai da ma'aikatan ƙasashen da take mulka, ya kuma fara aiki a matsayin malamin makaranta.

Bayan yaƙin duniya na biyu ya shiga jam'iyyar PPN, wadda aka kafa a 1946 ta kuma zama reshen ƙungiyar RDA ta Afirka ta Yamma, har ya kai matsayin babban sakatarenta. Da shugaban RDA, Houphouët-Boigny na Kodebuwa, ya raba gari da jam'iyyar gurguzu ta Faransa a 1950 don sasantawa da 'yan mulkin mallaka, Jibo bai bi shi ba. Ya koma harkar ƙungiyoyin ƙwadago, ya kafa jam'iyyar UDN a 1954. Magoya bayansa talakawan birni ne: direbobi da 'yan kamasho, leburori, masu sana'ar hannu, ƙananan 'yan kasuwa da ƙananan ma'aikata. Su ne suka yaɗa kirarin Sawaba har ya zama sunan jam'iyyar, kalmar da NEPU ta Malam Aminu Kano ta riga ta ɗaga a Arewacin Najeriya tun 1950. Alamar Sawaba raƙumi ce, ta PPN kuwa giwa.

Daga gari zuwa ƙasa

A ƙarshen 1956 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi, Jibo ya zama zaɓaɓɓen magajin garin Yamai na farko. Ya kai ga wannan kujera ne da haɗin gwiwar jam'iyyar BNA, wadda sarakuna ke mara wa baya. Ƙawancen ya ƙara masa ƙarfi a karkara, amma ya ɗaure shi da mutanen da manufarsu ba tasa ba ce.

A zaɓen majalisar yanki na watan Maris 1957, ɓangarensa ya lashe kujeru 41 daga cikin 60. A ƙarƙashin dokar da Faransa ta yi a 1956 ta ba yankunanta ɗan ikon cin gashin kai, ya zama mataimakin shugaban majalisar gwamnati, gwamna Bafaranshe na shugabanta. A watan Yuli 1958 aka ɗaga shi zuwa shugaban majalisar. Shi ne ɗan ƙasa na farko da ya jagoranci gwamnati a Nijar. Gwamnatinsa ta taɓa ikon sarakuna, ta tuɓe wasu, kuma hakan ya dawo ya cije ta.

Ƙuri'ar 1958

Janar Digol ya ba yankunan Faransa zaɓi a ranar 28 ga Satumba 1958: su ce "e" su zauna a cikin tarayya da Faransa, ko su ce "a'a" su sami 'yanci nan take, Faransa ta janye tallafinta. Jibo ya zaɓi "a'a", kamar Seku Ture na Gini.

Masu sukarsa sun ce ƙasar da ba ta da teku ba za ta iya tsayawa da ƙafarta ba. Amsarsa tana kudu. Gyaɗar Maraɗi da Damagaram, wadda ita ce babbar hajar Nijar a lokacin, ta daɗe tana bin hanyar Kano zuwa jirgin ƙasa. Jama'ar iyakar kuma dangin juna ne. Har yau sarkin Maraɗi Sarkin Katsina ake kiransa. Wannan kusanci shi ne abin da Faransa ke tsoro, ga kuma yaƙin Aljeriya a arewa. Ta aiko da sabon gwamna, Don Jean Colombani, wanda ya haɗa kai da sarakuna da PPN. Abokan ƙawancen Jibo na BNA suka juya masa baya. Sakamakon hukuma ya ba "e" kashi 78 cikin 100, alhali masu zaɓen da suka fito ba su kai kashi 40 ba. Jibo ya sauka a watan Oktoba, aka rushe majalisa, Jori Hamani ya hau a watan Disamba. A 1959 aka haramta Sawaba.

Gudun hijira da komowa

Jibo ya zauna a Mali, sannan Gana ta Kwame Nkrumah, daga bisani Gini. 'Yan Sawaba da dama suka tsallako Najeriya, suka sami mafaka a wajen 'yan NEPU a Kano, yayin da gwamnatin NPC ke tare da Jori. A 1964 mayaƙan jam'iyyar, waɗanda aka horar a ƙasashe irin su Sin da Aljeriya, suka kutsa Nijar ta iyakokin Najeriya da Dahomi da Mali. An murƙushe su, an harbe wasu a bainar jama'a a Yamai. A watan Afrilu 1965 wani ɗan Sawaba ya jefa gurneti a filin Idin babbar salla da nufin halaka Jori, amma ya tsira.

Bayan juyin mulkin Seyni Kunce na 15 ga Afrilu 1974 Jibo ya dawo gida, sai dai a 1975 aka kama shi bisa zargin maƙarƙashiya, ya shafe shekaru a tsare. Da aka koma tsarin jam'iyyu barkatai ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1993, bai kai kashi 2 cikin 100 ba. Ya rasu a Yamai ranar 16 ga Afrilu 1998. Gadar Farie da ke kan kogin Neja tana ɗauke da sunansa.

Lissafin da ya yi a 1958, cewa abincin Nijar yana haɗe da kasuwannin Arewacin Najeriya, bai tsufa ba. 'Yan kasuwar Jibiya sun gan shi lokacin da aka rufe iyaka a 2019, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023. A kansa ne kuma aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, ta Katsina da Jibiya, a 2021.