Tukunyar Zango da Shekarun Wahala

'Yan uwa, a wannan biki ana ta ambaton manyan fatake da masu mota. Bari mu tuna da iyayenmu mata masu sayar da abinci, waɗanda duk wanda ya sauka Kumasi da kayan albasa ko shanu ya ci daga tukunyarsu: koko da ƙosai da asuba, waakye da hantsi, tuwo da dare.

Sana'ar tasu ta sha bugu. A ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takarda mako biyu su bar Gana. Zangonni suka yi shiru. Mai abincin da ta saba ba fatake bashi sai sun sayar da goro ta wayi gari masu cin bashin sun tafi. A 1979 sojoji suka matsa kan ƙayyade farashi, har aka rushe kasuwar Makola a Accra, kaya suka ɓace a kasuwanni. Sai 1983, shekarar fari da gobarar daji, ga kuma 'yan Gana kusan miliyan guda da aka koro daga Najeriya. Mutane suka riƙa bin layi don ɗanyen dokunu.

Tsofaffinmu na Ayigya sun ce wadda ta kai labari a lokacin ita ce wadda ba ta kife tukunya ba. In babu shinkafa ta tuƙa kokonte, in babu gero ta dama kokon jar masarar agaji. Ta rage awo, amma ta fito kullum, domin mai saye in ya saba da wata rumfa da wuya ya dawo. Jarinta kuwa adashi ne: ranar da miya ta lalace ko wuta ta ci rumfa, sai 'yan adashi su ba ta kwasa tun kafin layinta ya zo.

Mu ma mun ga namu. Dumsor ta 2015 ta ruɓar da naman biki a firji. Kullen korona na 30 ga Maris 2020 ya soke ɗaurin aure da suna bayan an karɓi kuɗin kafin alƙalami. Gobara ta ci Kejetia a Maris 2023, sannan juyin mulkin Nijar na Yuli ya tsayar da motocin albasa a kan iyaka, farashi ya yi sama.

Yau adashi kaɗai ba ya ɗaukar asarar girkin mutum ɗari uku. Shi ya sa nake roƙon shugabanni su sa masu abinci cikin asusun agajin gaggawa, su riƙa zubi daidai ƙarfinsu. Sun ciyar da mu bashi shekara da shekaru.