Yadda ake gano dalilin yawan faɗuwar bireka a layin soket na gida

Bireka na'ura ce da ake sanyawa a akwatin rarraba wuta na gida domin ta katse wutar lantarki da kanta idan abin da ke bi ta waya ya wuce ƙima. Idan tana yawan faɗuwa a layin da ke ciyar da soket, a mafi yawan lokuta ba lalacewa ta yi ba, aikinta take yi. Abin da ya kamata shi ne a binciko abin da ke sa ta faɗuwa, domin matsalar da ke kayar da bireka ita ce wadda ke iya haddasa gobara ko ta sa wuta ta ja mutum.

Na'urorin kariya da aikin kowace

A Najeriya ƙarfin wutar gida shi ne bolt 230, kuma soket ɗin da aka fi amfani da shi shi ne mai ramuka uku irin na Ingila, wanda ke ɗaukar amfiya 13, wato kusan wat 3,000. Na'urori iri biyu ne ke tsare layin.

Ta farko ita ce ƙaramar bireka da ake kira MCB. Ita waya take karewa: tana faɗuwa idan nauyi ya yi yawa, ko kuma idan wayoyi biyu suka haɗu. An rubuta girmanta a jikinta, kamar B20 ko C32.

Ta biyu ita ce RCD, wadda masu aikin wuta da dama ke kira ELCB. Ita rai take karewa. Tana auna wutar da ta fita ta wayar wuta da wadda ta dawo ta nutural, idan ta ga bambanci sai ta katse, domin hakan na nufin wuta tana zurarewa ta wata hanya, wataƙila ta jikin mutum. Wadda ake sanya wa soket tana faɗuwa a miliamfiya 30, kuma ana gane ta da maɓallin gwaji da ke jikinta. Akwai kuma RCBO da ta haɗa ayyukan biyu.

Saboda haka matakin farko shi ne a duba wace ce ta faɗi, domin daga nan ake sanin inda za a dosa.

Dalilai uku da yadda ake bambance su

Na farko shi ne nauyi. Layin da ke kan bireka mai amfiya 20 yana ɗaukar kimanin wat 4,600. Idan aka jona butar lantarki mai wat 2,200 da dutsen guga mai 1,500 da hitar ruwa mai 3,000 a lokaci guda, jimilla ta kai 6,700, wato kusan amfiya 29. Alamar nauyi ita ce bireka ba ta faɗuwa nan take, sai bayan wasu mintuna, kuma a kan ji ta da ɗumi. Ƙarancin wuta na ƙara tsananta wannan, domin injina irin na firji da na'urar sanyaya ɗaki da injin jawo ruwa suna ƙara jan wuta idan ƙarfinta ya yi ƙasa.

Na biyu shi ne haɗuwar waya. A nan bireka tana faɗuwa ne da zarar an ɗaga ta, wani lokaci da ƙara ko tartsatsi. Ɓera da ya ci rigar waya, ƙusa da aka buga a bango ta huda waya, ko wayar da ta narke a bayan soket, duk suna jawo haka.

Na uku shi ne yoyon wuta zuwa ƙasa, wanda ke kayar da RCD. Ya fi yawa da damina, lokacin da danshi ke shiga soket na waje, ko bangon banɗaki, ko haɗin waya da ke cikin silin mai yoyo. Hita da butar lantarki da injin wanki da suka tsufa su ma kan yi yoyo. Wani lokaci ba abu ɗaya ne ke da laifi ba: kowace na'ura tana zubar da kaɗan, sai su taru su kai matakin da RCD za ta faɗi, wanda kan iya farawa tun daga miliamfiya 15.

Abin da mai gida zai iya yi da kansa

Ana iya yin wannan binciken ba tare da an kwance komai ba.

1. A cire kowane fulogi daga duk soket ɗin da ke kan layin. Kashe makunnin soket bai wadatar ba, domin da yawansu wayar wuta kaɗai suke yankewa, nutural tana nan a haɗe, kuma yoyo ta nutural na iya kayar da RCD.
2. A tuna da abubuwan da ba a ganin fuloginsu, kamar hitar banɗaki, injin jawo ruwa da fitilar waje da aka jona daga soket.
3. A ɗaga bireka sau ɗaya. Idan ta sake faɗuwa alhali babu abin da ke jone, matsalar a wayar gini take. A bar ta a kashe, a kira ƙwararre.
4. Idan ta tsaya, a riƙa mayar da kayan ɗaya bayan ɗaya, ana kunna kowanne ana ba shi lokaci. Wanda ya kayar da ita shi ake zargi. Sai a gwada shi a wani layin domin a tabbatar.
5. Idan kowanne shi kaɗai yana aiki amma tare suna kayar da ita, to nauyi ne, ko kuma yoyon da ya taru.

Yana da amfani a rubuta lokacin da take faɗuwa da abin da ke kunne da kuma yanayin gari. Soket da ya yi baƙi, ko yake warin ƙonewa, ko yake ƙara, a daina amfani da shi nan take.

Gwajin da ya kamata ƙwararre ya yi

Ƙaramar testa mai fitila tana nuna akwai wuta ne kawai, ba ta nuna lafiyar layi, kuma ba a dogara da ita wajen tabbatar da cewa waya ba ta da wuta. Ƙwararre zai fara kashe babban makunni, ya ware janareta da infata, ya tabbatar da ingantacciyar na'ura cewa layin ya mutu, sannan ya yi waɗannan gwaje-gwaje:

Gwajin ɗorewar waya: a tabbatar wayar wuta da nutural da wayar ƙasa sun isa kowane soket ba yankewa. Wannan ya fi muhimmanci a layin zobe, wanda ke fita daga akwati ya zagaya ya dawo, da waya mai girman murabba'in milimita 2.5 a kan bireka mai amfiya 32. Idan zoben ya yanke, soket za su ci gaba da aiki, amma nauyin zai koma kan waya guda tana zafi ba tare da bireka ta faɗi ba.

Gwajin rigar waya: ana amfani da na'urar da ake kira mega, wadda ke tura bolt 500, bayan an cire duk kayan da ke jone. Sakamako bai kamata ya gaza megaom 1 ba. Idan ya yi ƙasa, sai a raba layin gida biyu, a auna kowane ɓangare, a ci gaba da rabawa har a isa wurin da matsalar take. Wannan ya fi fasa bango bisa zato.

Gwajin mazaunin waya: idan mutum yana fuskantar soket, wayar wuta tana dama, nutural tana hagu, ta ƙasa tana sama. A tsohon launi wayar wuta ja ce, nutural baƙa. A sabo kuwa ruwan ƙasa da shuɗiya, ta ƙasa kuma kore da rawaya.

Gwajin wayar ƙasa da na RCD: a auna ko hanyar ƙasa za ta iya kayar da kariya da sauri, sannan a auna lokacin faɗuwar RCD, wanda bai kamata ya wuce milisakan 300 ba a miliamfiya 30.

Daga ƙarshe a ɗaure duk sukurorin da suka yi sako-sako, domin haɗi mai rawa yana zafi, kuma zafinsa kan kayar da bireka ko da nauyi bai kai ba.

Gidajen da ke da janareta ko infata

Idan faɗuwar ta fi faruwa lokacin da aka sauya daga wutar kamfani zuwa janareta ko infata, a duba makunnin sauya wuta da yadda aka haɗa nutural. Haɗa nutural ɗin layuka biyu, ko haɗa nutural da wayar ƙasa a bayan RCD, na sa ta faɗuwa ko da kayan gida lafiyarsu ƙalau.

Kura-kuran da ke jawo asara

Mafi hatsari shi ne a cire bireka mai amfiya 20 a sa mai 40 ko 63 domin a huta. Girman bireka da kaurin waya ake auna shi. Idan ta fi ƙarfin wayar, wayar ce za ta narke a cikin bango kafin bireka ta motsa. Haka nan tsallake RCD, ko cire wayar ƙasa, ko ɗaura zaren waya a madadin fiyus, duk kashe ƙararrawa ne a bar ɓarawo a cikin gida. Jona abin ƙarin soket a kan wani, da sayen siririyar waya marar inganci saboda arha, su ma suna cikin sahun.

A Najeriya hukumar NEMSA, wadda aka kafa da dokar 2015, ita ke duba ingancin haɗin wuta tare da bai wa masu wannan sana'a takardar shaidar ƙwarewa, yayin da hukumar SON ke kula da ingancin waya da sauran kayan wuta. Ya dace mai gida ya nemi ganin takardar mai gyara, ya kuma buƙaci a rubuta masa sakamakon gwajin. Bayan gyara, a riƙa danna maɓallin gwajin RCD aƙalla duk wata shida. Idan ba ta faɗi ba, a sauya ta ba tare da jinkiri ba.